Komawa aji a lokacin korona: abin da malaman Katsina da Daura suka gani

Malamin firamare, birnin Katsina:
Assalamu alaikum, malamai 'yan uwana. Tun watan Maris na wannan shekara ta 2020 da aka rufe makarantu muke zaune a gida, yanzu kuma ga Oktoba ta zo ana cewa a koma aji, bisa sharaɗin wanke hannu da sanya takunkumi da barin tazarar mita biyu tsakanin ɗalibai. Yaran ajina sun haura tamanin, waɗansu a kan benci, waɗansu a ƙasa, kuma na auna ɗakin da ƙafata na ga ko ashirin ba zai ɗauka ba idan za a bi wannan ƙa'ida. Ina roƙon waɗanda suka koyar da 'yan ajin ƙarshe tun cikin watan Agusta su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Malamin sakandare, Daura:
Wa'alaikumus salam, Malam. Mu a Daura ba labarin cutar aka ba mu ba, domin a nan ta fara bayyana a jihar cikin watan Afrilu, lokacin da wani likita ya rasu, aka kuma kulle garin. Da muka dawo da ɗalibanmu domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga Agusta, tazara ba ta gagare mu ba, saboda su kaɗai ne a makarantar, muka baza su cikin azuzuwan da babu kowa. Ruwa ne ya ba mu wahala. An ajiye bokiti mai famfo a bakin ƙofa, amma rijiyar burtsatsenmu ta daɗe da lalacewa, sai muka riƙa yin karo-karo daga aljihunmu muna sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, sabulu kuwa bai kai mako na uku ba ya ƙare. Idan rukuni ɗaya ya sha kanmu haka, ina tunanin ranar da rukuni shida za su shigo ta ƙofa ɗaya da safe.

Malama, makarantar 'yan mata, Katsina:
Gaskiya ne, Malam, amma ni ina cikin masu son a buɗe, duk da tsoron da nake ji. A unguwarmu na ga ɗalibaina biyu sun koma talla, an kuma ɗaura wa wata aure tun kafin ta gama aji biyar, kuma na san ba za ta dawo ba. Darussan rediyo sun taimaka wa waɗanda ke da mai zaunar da su a gida, sauran kuwa wata shida ke nan ba su buɗe littafi ba. Damuwata ita ce takunkumin kansa: na gwada koyarwa da shi a Agusta, 'yan layin baya ba sa jin muryata, sai na wayi gari ina saukar da shi ƙasan haɓa a duk lokacin da zan yi bayani, wato daidai lokacin da ya fi amfani.

Dattijon malami, Katsina:
'Yata, Allah ya saka miki da alheri da wannan gaskiya. Saura mini shekara biyu in yi ritaya, ina fama da ciwon suga da hawan jini, kuma hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta sha faɗa cewa irinmu cutar ta fi yi wa illa. Yaro zai iya ɗauke da ita ba tare da ya yi ko tari ba, na'urar auna zafin jiki ta wuce shi a ƙofa, sannan ya kawo mini littafinsa in duba. Zan koma in Allah ya yarda, domin ba ni da wata sana'a kuma ina kewar yaran. Abin da na roƙi shugaban makarantarmu shi ne a raba ajin biyu, 'yan safe da 'yan yamma, a kuma bar ni in yi darasina a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar da ke bayan ofis kafin sanyin hunturu ya shigo. Ya ce zai duba, ina nan ina jiran amsarsa ranar Litinin.