Tsakuwar ƙofar gidana tana nutsewa duk damina

Magidanci a Gyallesu:
Assalamu alaikum. Bara tifa biyu ta tsakuwa na zuba a ƙofar gida, kafin Agusta ya fita taɓo ya haɗiye ta tas, har motata ta kafe ranar sunan ɗan ƙanina. Wani magini ya ce in shimfiɗa wani yadi da ake kira jiyotestil a ƙarƙashin tsakuwar tukuna. Na ga abin, kamar bargo ne fari. Shin leda mai kauri ba za ta yi wannan aikin ba? Ta fi araha.

Injiniya daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sa leda, ruwa za ta tare, wurin ya koma kududdufi a ƙarƙashi. Shi wannan yadin da zaren roba ake yinsa, ruwa na wucewa ta cikinsa amma laka ba ta hawowa ta cakuɗe da tsakuwa. Iri biyu ne: saƙaƙƙe, mai ƙarfin ɗaukar nauyi, da wanda ba a saƙa ba, mai kama da bargon da ka gani, ya fi tace ruwa. A kwashe taɓon sama, a daidaita ƙasa, a shimfiɗa, bakin wani ya hau kan wani da aƙalla santimita 30. Sannan tsakuwa, a daddanne.

Wani daga Tudun Wada:
A rufe shi da wuri fa. Namu ya yi wata uku a rana, ya fara marmashewa. Kuma in ba a gyara kwatar layin ba, aikin baban giwa ne.

Magidanci a Gyallesu:
Na gode, Injiniya. Kwatar kam sai na zauna da maƙwabta.