LTspice: buck ɗina na ba da bolt 3 maimakon 12

Ɗalibin lantarki:
Assalamu alaikum malamai. Ina gwada da'irar buck, wato mai rage bolt, a LTspice, manhajar kwaikwayon da'ira a kwamfuta, bolt 24 zuwa 12, amfiya 5, mita 100 kHz. Indakta 47 µH, kapasita 100 µF, lodi om 2.4. Na sa MOSFET (makunnin lantarki) nau'in N a sama, wato ɓangaren bolt 24, ina kunna shi da bugun bolt 10 rabin lokaci. Abin da ke fita bai wuce bolt 3 ba, wani lokacin ma aikin ya tsaya da saƙon "Time step too small". Laifin manhajar ne, in koma wata manhajar, PLECS?

Mai ƙera inbata:
Wa alaikumus salam. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ka ɗaura ƙafar tushen bugun a ƙasa, wato bolt 0 na da'irar. MOSFET ɗin N sai get (ƙafar da ke kunna shi) ya ɗara sos (ƙafar da karant ke fita) da 'yan bolt kafin ya kunna, kuma a buck sos ɗin yana so ya hau har 24. In get ya tsaya a 10, sos ba zai wuce 6 ko 7 ba, rabinsa kuwa shi ne 3 ɗin da kake gani. Cire ƙafar daga ƙasa ka haɗa ta da sos, wato mahaɗar diyod da indakta. A kan allo na gaske, direba irin IR2110 da kapasitan bootstrap, mai ɗaga bolt ɗin get sama da na sos, ke yin wannan aikin.

Rubuta bugun haka: PULSE(0 10 0 20n 20n 4.98u 10u), da resista om 10 a get.

Malamin dakin gwaji:
Haka ne. Game da tsayawar kuma, yawanci daga kayan da aka bari babu aibi ne. Ba kapasitan ESR, wato juriyar cikinsa, na 30m (miliom 30), indaktan 20m, ka zaɓi diyod Schottky na gaske daga jerin, ba wanda ya zo babu suna ba. A kula, a SPICE, wato dangin manhajoji irin LTspice, harafin M mili ne, miliyan sai an rubuta Meg. Wannan na kayar da mutane da yawa.

Sa .tran 0 5m 0 50n, ka ƙara .options plotwinsize=0 don kada a matse zanen. In ya ci gaba da tsayawa, koma Alternate solver, ɗaya hanyar lissafin da manhajar ke da ita.

Sannan ka duba sakamakon da lissafin hannu. Kaɗawar karant a indakta ita ce 12 × 0.5 ÷ (100,000 × 0.000047), kusan amfiya 1.3. Kaɗawar bolt daga kapasita kaɗai kusan milibolt 16 ce, ESR zai ƙara kusan 38. Da farko za ka ga fitarwa ta yi tsalle zuwa wajen bolt 18 ko 19 tana lilo a 2.3 kHz, ta lafa bayan milisakan 2 zuwa 3. Wannan ba kuskure ba ne, dalilin da ya sa ake tayar da irin wannan da'ira a hankali ke nan.

Mai ƙera inbata:
Batun PLECS, shi da manhajar PSIM suna ɗaukar makunni a matsayin buɗe ko rufe kawai, shi ya sa suke gudu. Sun dace da gwajin sarrafa inbata na daƙiƙoƙi da ƙiyasin zafi daga jadawalin asara. Amma da a can ka fara, wannan matsalar get ɗin ba za ta fito ba sai MOSFET ya ƙone a hannunka. Ga LTspice kuma kyauta ne daga Analog Devices. Zauna a kansa tukuna.

Ɗalibin lantarki:
Na gyara haɗin, yanzu 11.6 nake samu. Ragowar faɗuwar diyod ce da juriyar indakta ko? Allah ya saka da alheri.