Galaksi: tari ne, gungu ne, ko birni?

1/
Assalamu alaikum, masu sha'awar ilimin falaki. Akwai kalmar da ta daɗe tana wahalar da masu rubutu da Hausa, wato galaksi. Wannan ya ce tarin taurari, wancan ya ce gungun taurari, wani ya ce rukuni, wani kuma ya bar ta yadda ta zo. Ina so mu tsaya a kan guda, domin ɗalibi in ya karanta nan ya karanta can ya san abu ɗaya ake nufi. Wani malami da wata ƙanwata sun faɗi nasu ra'ayin, zan amsa musu a gaba.

2/
Kafin raɗa suna sai an ga ɗa. Rana tauraruwa ce, duniyoyi 8 suna kewaya ta. Haskenta yana iso mana cikin minti 8 da 'yan sakanni, ya kai Neftun, wadda ta fi nisa a cikinsu, cikin awa 4 da ɗoriya. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, haskensa sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni a hanya. Duk wannan ba a je ko'ina ba tukuna. Galaksin da muke ciki faifai ne mai kumburi a tsakiya, haske yakan ɗauki kimanin shekara 100,000 kafin ya ratsa shi daga baki zuwa baki, taurarinsa kuwa ana ƙiyasta su tsakanin biliyan 100 da biliyan 400. Bayan taurari akwai iskar gas, da ƙura, da wani nauyi da ba a gani sai dai a ga aikinsa.

Abin da nake so a riƙe shi ne, ƙarfin jan da ke tsakaninsu ya ɗaure su wuri guda, kowa yana kewaya cibiya ɗaya. Rana tana nesa da cibiyar da kimanin shekarar haske 26,000 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda), tana gudun fiye da kilomita 200 a kowane sakan, amma duk da haka zagaye ɗaya yana cin shekara wajen miliyan 230. Duk kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan girma da wannan tsari.

3/
Tari dai ban yarda da shi ba. Tari abu ne da aka jibge, babu tsari babu motsi.

4/
Gungu ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, kuma shi na fi cin karo da shi a rubuce. Matsalar ita ce gungu yana da mai shi. Ku dubi Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Ido yana ƙirga 6 ko 7, na'urar hangen nesa tana nuna fiye da 1,000. Daga gajimaren gas guda aka haife su, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, har yau kuma tare suke tafiya. Wannan shi ne gungu na gaskiya. To, Kaza da 'ya'yanta tana cikin galaksinmu, nisanta bai wuce shekarar haske 440 da 'yan kai ba, kuma irinta dubbai ne a ciki. In muka ba babban wannan suna, me za mu kira ƙananan? Ranar da malami zai ce wa aji "akwai gungun taurari dubbai a cikin gungun taurarinmu", ya rikita yara ke nan.

5/
Rukuni kuma ya kamata a bar wa siffofin da ido ke haɗawa a sama, irin su burujai 12 da sauran, waɗanda ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsayar da adadinsu a 88 a shekarar 1922. Waɗannan kusancinsu na gani ne kawai. Dabaran, tauraron nan mai ja-ja da ke bin bayan Surayya, a buruji ɗaya suke, kai ka ce maƙwabta ne. Alhali shi yana nisan shekarar haske 65 daga gare mu, ita kuwa ta ninka haka kusan sau 7. Babu abin da ya ɗaure su sai inda muke tsaye muna kallo.

6/
Allah gafarta Malam, na ga shawararka cewa a ɗauko majarra daga Larabci, tunda falaki da buruji ma daga can muka samo su, kuma sun zauna daram. Hujjarka tana da ƙarfi. Asali majarra sunan farin zanen nan ne da ke ratsa sama a dare marar farin wata, daga baya Larabawa suka faɗaɗa shi ya zama sunan kowane galaksi. Abin da ke sa ni jinkiri, Malam, falaki da buruji sun daɗe a bakin almajirai kafin su shiga littafin boko, majarra kuwa ba ta yi wannan tafiya ba. Ga yaron da bai yi nisa a Larabci ba, baƙuwa ce kamar galaksi, sai an sake yi masa bayani. In dai aro za a yi, gara wadda zai sake haɗuwa da ita a jarrabawa.

7/
Wasu sun kawo tsibirin taurari, kuma wannan yana da tarihi. A shekarar 964 Abdurrahman Assufi, masanin falakin Farisa, ya rubuta cewa akwai wani abu a sama mai kama da ɗan ƙaramin gajimare. Abin da muke kira Andiromeda ke nan a yau. Ƙarni bayan ƙarni ba a san ko mene ne shi ba. A 1755 Immanuel Kant ya yi hasashen cewa irin waɗannan fararen tabo wasu tsare-tsaren taurari ne masu zaman kansu, daga baya aka riƙa kiransu tsibirai. Har 1920 manyan masana biyu, Shapley da Curtis, sun yi muhawara a Washinton a kan ko suna cikin namu ne ko suna waje. Edwin Hubble ne ya raba gardama. A 1923, da na'urar hangen nesa mai madubin inci 100 da ke kan dutsen Mount Wilson a Kalifoniya, ya gano wani tauraro a cikin Andiromeda wanda haskensa ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. Henrietta Leavitt ta riga ta nuna cewa tsawon lokacin wannan sauyi yana bayyana ainihin hasken tauraron, daga nan kuma a lissafa nisansa. Lissafi ya nuna Andiromeda yana can waje. Yau an san nisansa ya kai shekarar haske miliyan 2.5.

Tsibiri ya kama keɓewar da kyau. Inda ya gaza, bai ce komai a kan abin da ke ciki ba.

8/
Ni abin da na tsaya a kai shi ne birnin taurari, jam'insa biranen taurari. Birni yana da tsakiya inda jama'a suka fi cunkoso, yana da unguwanni, yana da bayan gari inda gidaje ke ƙaranci, daga nan sai fili mai nisa kafin wani birnin. Haka abin yake a sama. Tsakiyar namu cike take da tsofaffin taurari, a can ƙurya kuma akwai baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa, mai nauyin rana wajen miliyan 4, wanda aka fitar da hotonsa a 2022. Hannayen da suka nannaɗe daga tsakiya su ne unguwanni, a nan ake haihuwar sababbin taurari, rana kuma tana gefen wani ƙarami daga cikinsu. Sannan birni ba mutane kaɗai ba ne, don haka sunan bai kore gas da ƙura ba. Mafi daɗi, ya bar wa gungu da rukuni wurarensu.

9/
Ƙanwata, gyaranki ya shiga. Kin ce in mutum ya ji birnin taurari zai ɗauka garin 'yan fim ake nufi. Gaskiya ne mun ara wa fitattun mutane kalmar, amma asalinta na sama ne, kuma a darasin falaki ba wanda zai ɓata. Ɗaya gyaran naki ya fi nauyi, cewa birni ba ya juyawa. Wannan na karɓa. Juyawar sai an koyar da ita dabam, kamar yadda kalmar galaksi ita ma ba ta faɗe ta ba, tunda daga kalmar madara ta Girkanci ta fito.

10/
Bari mu gwada shi a jimla mu ji ko zai zauna a baki.

"Andiromeda shi ne babban birnin taurari mafi kusa da namu, kuma yana matsowa da gudun kilomita 110 a sakan."

"Babban Gajimaren Majalan ƙaramin birnin taurari ne da ke maƙwabtaka da namu, nisansa kimanin shekarar haske 160,000."

"Birninmu da Andiromeda suna cikin gungun biranen taurari guda, mai ɗauke da fiye da 50, yawancinsu ƙanana."

Ta ukun nan ita ce gwajin gaske. Da gungu muka zaɓa, da sai mu ce gungun gungun taurari.

11/
Galaksi ba zan ce a kore ta ba. A littafin makaranta a kawo su tare a karon farko, a ce birnin taurari, wato galaksi, daga nan a ci gaba da ta Hausa. Sai dai ina roƙon a daina fassara sunan namu da hanyar madara, domin tatsuniyar Girkawa ce ke ƙarƙashinsa, mai karatun Hausa ba ya ganin komai a ciki. A rubuta Birninmu da babban baƙi ya wadatar, in kuma farin zanen da ake gani da ido ake nufi, Malam, a nan majarra taka za ta yi aiki.