Tabarau Ga Mai Atisayen Harbi Da Ya Fara Manyanta: Abin Da Aka Tattauna

'Yan uwa, maganar irin tabaran da ya dace da mai atisayen harbi da ya fara manyanta ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro muku abin da jami'anmu na Gusau da Birnin Kebbi suka faɗa.

1. Kowa ya yarda matsalar tana somawa bayan shekara 40. Allon da ake harbi ana ganinsa, amma alamar saiti ta bakin fistol sai ta koma dishi-dishi, alhali ita ya kamata ido ya riƙe.

2. Tabaran karatu na kasuwa ba ya yi. An yi shi don tazarar littafi, wajen santimita 40, ita kuwa alamar tana can gaba da miƙaƙƙen hannu. Shawarar da ta fi yawa: ka miƙa hannu riƙe da biro, a auna daga ido zuwa bakinsa, ka kai wa likitan ido awon. Galibi ƙarin ƙarfin gilashi na +0.50 zuwa +1.00 ya isa. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowacce amfani.

3. Tabarau mai hawa biyu, wato na nesa a sama na karatu a ƙasa, yana tilasta ɗaga haɓa, tsayuwa ta lalace.

4. An rabu kan launi. Wasu sun ce rawaya na taimakawa lokacin hazo, wasu suka ce farin gilashi ya wadatar.

5. Ba saɓani kan kariya: a sa tabaran roba mai jure duka, saboda kwanson harsashi.

Dattawa biyu sun nace a fara duba yanar ido da hawan jinin ido, musamman mai ciwon suga, kafin a kashe ko kwabo.