Maganin tsutsar ciki ne ya tada wa yarona borin jini?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina unguwar Zariya, nan Maradi. Yarona mai shekara 6 an ba su ƙwayar tsutsar ciki a lakwal, har ya fitar da macijin ciki a bayan gida. To bayan kamar sati biyu sai ga atishawa da asuba, tari da dare, jikinsa kuma yana yin ruɗu-ruɗu, ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Ƙanin mai gidana ya ce wai an gano tsutsa tana kare yara daga irin wannan, in an kashe ta sai jiki ya birkice. In an sake rabo, in hana shi sha?

Hajiya daga Bagalam: Ɗiyata, ki duba lokacin. Hunturu muke ciki, ƙura ta rufe gari. Jikokina ma atishawa suke, ba su sha komai ba. Ki shanya katifarsa da bargo a rana, ki rage turaren wuta a ɗakin.

Wata ma'aikaciyar lafiya: 'Yar uwa, ƙanin mijinki bai ƙirƙiro maganar ba, amma ya ɗauki rabinta. Tsutsa in ta daɗe a hanji tana kwantar da garkuwar jiki don kada a kore ta, kuma sashen garkuwar da ke yaƙar ta shi ne dai ke tada borin jini da asma. A Gabon an riƙa bai wa 'yan makaranta maganin tsutsa duk wata uku har wata 30, aka ga waɗanda fatarsu ke nuna alama a gwajin ƙwarin ƙura (ƙananan ƙwari da ke zama a ƙurar ɗaki da katifa, masu tada borin jini) sun ƙaru. Sakamakon ya fito a 2004. Amma a Ekwado an ba yara ƙwayar tsutsa mai suna albendazole duk wata biyu har shekara guda, a 2006 aka ruwaito ba a ga ƙari ba. Kuma alama a gwajin fata daban, yaro ya kwanta ciwo daban. Ƙwayar albendazole guda ta milgiram 400 ba ta kai waɗancan yawan sha ba.

Abin da ba a gardama a kai: tsutsa mai ƙugiya tana shan jini, yaro ya yi fari. Ƙananan macijin ciki kuwa sai sun ratsa huhu kafin su koma hanji, su kansu suna sa tari da shessheƙa. Kada ki hana shi.

Wani uba daga Tibiri: Susar ta fi tsanani da dare? Ki buɗe tsakanin yatsunsa da ƙugunsa. In wani a gidan ma yana susa, ƙazwa ce, gida duka za a yi wa magani.

Ma'aikaciyar lafiya: Haka ne. Ki kai shi likita a ga fatar, a saurari ƙirji. In leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, kada ki jira gari ya waye. Da ruɗu-ruɗun ya fito ranar da ya sha ne, da sai mu zargi ƙwayar.

Mai tambaya: Allah ya saka. Na duba yatsun, babu komai, amma katifar ta daɗe ba ta ga rana ba. Gobe Litinin za mu je likita. Ƙanwarsa mai wata 14 fa, ita ma ƙwaya guda ce?

Ma'aikaciyar lafiya: A'a, in albendazole ce, rabi, milgiram 200, a murƙushe a ruwa kada ta shaƙe ta.