Me za mu kira CCSVI da Hausa?

'Yan'uwa masu fassarar lafiya, ku taya ni. Kwana uku ke nan ina fama da wata takarda kan cutar multiple sclerosis, kuma kalmar "jijiya" ta hana ni sakat.

Mu a wurinmu, wadda ke ɗaukar jini jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa ita ma jijiya ce, har wadda ke maƙale wa mutum a haƙori in yana cin tsire. Cutar kuwa ta jijiyoyin saƙo ce. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye rigar da ta lulluɓe su a ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki, sai wurin ya bar tabo. Tun 1868 likita Charcot ya siffanta ta a birnin Faris. Ni dai na tsaya kan "cutar zaizayar rigar jijiya".

Inda gizo ke saƙar shi ne CCSVI, gajarcen "chronic cerebrospinal venous insufficiency", wani hasashe kan abin da ke jawo cutar. A 2009 Paolo Zamboni, likitan fiɗar jijiyoyin jini a Jami'ar Ferrara ta Italiya, wanda matarsa ke da cutar, ya ce jinin da ya gama aiki a ƙwaƙwalwa ba ya saukowa zuciya yadda ya kamata. A cewarsa manyan jijiyoyin jini na wuya da wata a ƙirji sun tsuke, jini na taruwa, sinadarin ƙarfe na kwantawa a ƙwaƙwalwa. Maganinsa shi ne a zura siririn bututu mai balan-balan a hura, jijiyar ta buɗe. Marasa lafiya, musamman daga Kanada, suka yi ta tsallaka ƙasashe da kuɗin aljihunsu.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ba ni "toshewar jijiyar wuya". Aunty, na gode, amma ban karɓa ba. Duk wanda ya ji toshewa zai tuna kwata, ya ce ai sai a yashe a huta. Wannan tunanin ne ya kwantar da mutane a gadon fiɗa, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi a 2012 bayan an samu raunuka da rasa rai. A 2013 wani bincike a Kanada ya gano tsukewar nan kusan daidai take a masu cutar da 'yan'uwansu da ma lafiyayyu. A 2017 gwajin da Zamboni da kansa ya jagoranta, kan mutum 115, ya nuna hura jijiyar bai amfana ba.

Wani malami ya kawo "magudanar jini". Wannan ta kwanta mini, domin ta raba mu da jijiya kwata-kwata, kuma magudana dama abu take fitarwa.

Saboda haka ga abin da zan rubuta: "hasashen tsukewar magudanar jinin ƙwaƙwalwa". Ta yi tsawo, na sani, amma "hasashe" ba za ta fita ba. Uwar da 'yarta ke jan ƙafa za ta karanta takardar nan, kuma ba na son ta sayar da fili kan abin da mai shi ma ya gwada ya ga bai yi ba. Wanda ke da gajeriya da ba ta zubar da "hasashe" ba, ya kawo kafin Juma'a.