Gajiyar da barci ba ya maganinta

Maman Nana: Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Wata biyar ke nan ina tashi da safe kamar ban kwanta ba. Ina koyarwa a lakwal, ajina cike maƙil, surukata na kwance a wajena ba lafiya, ga tashin tsakar dare tarbon ruwa in pampo ya kawo. Abu kaɗan sai in fashe da kuka. Wata a Facebook ta ce gajiyar adirenal ce, wai damuwa ta tsotse wani abu da ke saman ƙodata, kuma tana da maganinta jaka ashirin da biyar. In saya?

Hajiya ta Birni: Wa alaikumus salam ƴata. Riƙe kuɗinki tukuna. Majo Issa, ma'aikacin asibiti, yana cikin zauren nan, bari ya gani.

Majo Issa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Gajiyarki gaskiya ce, ba raki ba ne, sunan da aka ba ta ne nake da ja a kai. Adirenal wasu ƴan ƙananan halittu ne guda biyu, kowace tana zaune a kan ƙoda ɗaya, su ke fitar da sinadarin kotizol. Yana hawa da sassafe ya tayar da mutum, ya yi ƙasa sosai wajen tsakar dare. Wannan duk haka yake. Amma maganar wai damuwa tana gajiyar da su har su kasa aiki, wani mai suna James Wilson ya fito da ita a 1998, kuma ƙungiyoyin likitocin fannin ba su karɓe ta ba. A 2016 wasu masu bincike a Barazil suka bi nazari 58 da aka yi a kai, ba su sami hujjar cewa cutar tana nan ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mutum ya rungumi sunan nan ya bar ainihin abin da ke cinsa. Ki je a auna miki jini a ga ko ya yi ƙasa, a duba suga, tansiyo, maleriya, da maƙoƙo in da hali. Kukan nan ma ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mana, kar ki ji kunya. Ciwon damuwa ciwo ne, ana kuma maganinsa.

Zara'u: Majo, to ke nan su adirenal ɗin ba sa ciwo sam?

Majo Issa: Suna yi. Akwai cutar Addison, tun 1855 wani likitan Ingila ya bayyana ta, kuma a ƙasashenmu tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke kawo ta. Mai ita yana ramewa, tansiyo ya faɗi, jiri in ya miƙe, kwaɗayin gishiri, fata ta ƙara duhu har dasashi da layukan tafin hannu. Awon jini da safe ke fara nuna ta. Amma wanda na fi gani a Damagaram namu na hannu ne: dekisa, ƙwayar magani mai aiki irin na kotizol, da mata ke sha don su yi ƙiba, da man bilicin masu kotizon (shi ma irin wannan sinadarin ne) a ciki. In jiki ya daɗe yana samun sinadarin daga waje, sai adirenal su rage nasu aikin.

Zara'u: Innalillahi. Ni fa na kusa shekara ina shan dekisa, tun kafin bikina. Yau zan zubar da sauran.

Majo Issa: A'a ƙanwata, don Allah kar ki yanke lokaci guda! Nan haɗarin yake. Jiki zai wayi gari babu na waje babu na ciki, sai amai, tansiyo ya faɗi, har suma, yana iya kaiwa ga rai. Ki ɗauki kwalin gobe ki kai wa likita a babban asibiti, shi zai tsara miki ragewa kaɗan-kaɗan. Ki faɗa masa gaskiyar guda nawa kike sha.

Zara'u: To yaya, na ji. Gobe in sha Allah.

Ɗan Zango: Ni kabu-kabu nake yi. Bara haka na zama, rana barci dare ido biyu. Ashe shayin fada ne, na fari na biyu na uku har ƙarfe ɗaya, ga goro a baki. Aka gaya mini rabin ƙarfinsa yana nan a jini bayan awa biyar. Na mayar da shayina kafin la'asar, da dare in zauna hira in sha ruwa kawai. Makon farko ciwon kai ya dame ni, daga baya barci ya dawo. Malama, in kina sha don gyaran takardun yara da dare, ki gwada.

Maman Nana: Ina sha kuwa, kofi biyu bayan isha'i. Sai kuma salula a hannu har ruwa ya zo.

Hajiya ta Birni: To ni ga tawa, ba ta asibiti ba ce. Jinyar tsohuwa ba aikin mace ɗaya ba ne. Na yi ta shekara uku ina shiru wai kar a ce na gaza, har na kwanta ni ma. Ki sa maigidanki ya tara ƴan uwansa, kowa ya ɗauki kwanansa. Tarbon ruwa ki raba da maƙwabciya, yau ke gobe ita, ko a sayi na garuwa da wani abu daga cikin kuɗin nan da kika so ba mai Facebook. Kuma ki ci abinci da safe, ko kunu da ƙosai, ki sa zogale da wake a tukunya. Bayan azahar ki rufe ƙofa ki kwanta ko rabin awa.

Majo Issa: Hajiya ta gama magana. Sai tafiyar ƙafa da sanyin yamma, minti talatin kwana biyar a mako.

Maman Nana: Na gode, Allah ya bar zumunci. Awon zan yi ranar Litinin. Maganar dangin maigida ce ke mini nauyi, ban san ta inda zan fara ba.

Hajiya ta Birni: Bar mini wannan. Jibi in na fito daga Kasuwar Dole zan biyo in gaida tsohuwa, ki ce masa ya jira ni a gida.